WASIƘU BIYU DAGA GADON ASIBITI: LABARIN KURTU SPOTSWOOD RICE



Duk wanda ya saba da littattafanmu na Hausa ya san babu abin da muke ƙauna kamar wasiƙa. Da wuya ka gama littafi na ɗaya ba ka ci karo da yaro ya yi sallama da ambulan a hannu yana cewa wai an ce a ba wance ba. Mun san aikinta, domin abin da baki ya ji nauyin faɗa alƙalami ba ya jin kunyarsa. To yau wasiƙu biyu na kawo muku, amma ba ni na ƙaga su ba, kuma babu saurayi da budurwa a ciki. Wani sojan ƙasa ne na Amurka ya rubuta su ranar 3 ga Satumba 1864, yana kwance a asibitin barikin Benton da ke birnin Sant Luwis a jihar Misuri. Ɗaya zuwa ga 'ya'yansa mata biyu, Cora da Mary, ɗaya kuma zuwa ga matar da ke riƙe da Mary a matsayin baiwarta. Sunansa Spotswood Rice, baƙar fata ne, kurtu marar igiya ko ɗaya, kuma wata bakwai kafin wannan rana shi kansa bawa ne.

Kafin mu buɗe ambulan ɗin bari in ɗan share fage, don in ba haka ba mai karatu zai yi ta tambayar yadda aka yi mutum yana sanye da kakin gwamnati amma 'ya'yansa suna hannun wasu.

Yaƙin basasar Amurka ya fara a 1861 ya ƙare a 1865, tsakanin jihohin Arewa da ke tare da gwamnatin tarayya ƙarƙashin Shugaba Abraham Linkon, da jihohi 11 na Kudu da suka ɓalle don su ci gaba da riƙe bayinsu. A lokacin akwai bayi kusan miliyan 4 a ƙasar. Da yawanmu mun ji cewa Linkon ya 'yanta bayi ranar 1 ga Janairu 1863, sai mu ɗauka daga ranar kowa ya kama gabansa. Ba haka abin ya kasance ba. Shelar tasa ta shafi yankunan da ke cikin tawaye ne kawai. Akwai jihohin da ke da bayi amma ba su ɓalle ba, wato Misuri da Kentaki da Meriland da Delawaya, su Linkon lallaɓa su yake kamar ƙwai kada su fusata su koma wa 'yan tawaye, don haka bai taɓa bayinsu ba. Misuri kaɗai tana da bayi wajen dubu 115 a ƙidayar 1860. Ka ga ke nan bawan da ubangidansa ya ɗauki bindiga ya yaƙi gwamnati an ce ya 'yantu, shi kuwa wanda ubangidansa ya zauna lafiya da gwamnati an ce ya ƙara haƙuri.

An haifi Rice a jihar Bajiniya a 1819, daga baya aka kawo shi Misuri, ya faɗa hannun wani attajirin taba mai suna Benjamin Lewis a garin Glasgo, bakin kogin Misuri. Kada a rikita ta da Glasgo ta Birtaniya, wannan ƙaramin gari ne a yankin da aka fi tara bayi a jihar, inda ake noman taba da wata irin rama ta yin igiya. Sana'arsa naɗin taba, kuma shi ne babba a kan sauran bayin gidan, kamar dai sarkin gandu a rinjin sarakunanmu na da. Matarsa Arry kuwa da 'ya'yanta mallakar wani gida ne daban, gidan Diggs. Dokar da suka gada tun daga Bajiniya ta 1662 ta ce ɗa uwarsa yake bi, in baiwa ce shi ma bawan mai ita ne, ko da kuwa uban gidan ne ya yi cikin. A nan sun zarce namu, don a ƙasar Hausa ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, har sarauta yana ci. Amma kada mu yi saurin wanke kanmu, mu ma cucanawan da bawa ya haifa da baiwa mai uwar ne ke da su, kuma sai a 1936 aka soke bauta kwata-kwata a dokar Arewacin Nijeriya.

Abin da muka sani game da zaman gidan nan daga bakin Mary ya fito. A 1937, tana da shekara 85, ma'aikatan wani shiri na gwamnatin Amurka da ya tattara hirarrakin tsofaffin bayi sama da 2,300 suka same ta a Sant Luwis, lokacin ana kiranta Mary Bell. Ta ce sau biyu a mako ake barin babanta ya zo wajen iyalinsa, daren Laraba da daren Asabar. Sau da yawa yakan iso jina-jina saboda bulala, uwarsu ta tuɓe masa rigar, ta gasa masa ciwon ta shafa mai, ta wanke kayan ta goge, don ya koma da safe tsaf. Allah sarki. Ni wannan gugar ce ta tsaya mini a rai fiye da bulalar. Mace ta san gobe ma za a iya sake farfasa bayan nan, amma ba za ta yarda mijinta ya fita daga ɗakinta da ƙazamar riga ba. Ita kanta Mary tun tana da shekara 7 aka fara ba da ita haya gidajen mutane tana raino, kuɗin hayar kuwa aljihun uwargijiyarta yake shiga.

Mary ta ce ɗan Lewis ne ya koya wa babanta karatu. Wannan laifi ne babba a Misuri, don tun 1847 jihar ta kafa dokar hana koya wa baƙar fata karatu da rubutu. Kuma sun san abin da suke tsoro. Da labarin 'yanci ya fara fitowa a takardu, Rice ne ke karanta wa 'yan uwansa bayi, abin da ya fusata ubangidansa ƙwarai. Bayan wani dukan da aka yi masa ba da haƙƙinsa ba ya gudu, ya yi kwanaki a ɓoye, yunwa ta fito da shi ya miƙa kansa ga wani dillalin bayi don a sayar da shi ko'ina ne. Lewis ya ƙi sayarwa. Maimakon haka ya sauko da murya, ya yi masa alkawarin gida da fili in zai zauna ya kuma lallashi sauran su zauna, don ya san duk inda Rice ya sa ƙafa nan za su sa. Rice ya ce to. Bayan wata shida ya kwashi mutum 11 daga cikin ƙarfafan gidan suka tafi shiga soja. 'Yan sintiri suka bi sawu, suka tarar an riga an rubuta sunayensu, hafsoshi suka ce musu waɗannan yanzu sojojin Amurka ne, ku juya. Takardun soja sun nuna ya shiga ne a watan Fabrairu 1864, aka sa shi a runduna ta 67 ta sojojin ƙasa baƙaƙe.

Ƙofar da suka bi an buɗe ta ne a ƙarshen 1863, lokacin da hukumar soja ta yarda a ɗauki bayin Misuri aiki. Duk bawan da ya sa kaki ya 'yantu, ubangidansa kuma in mai biyayya ne ga gwamnati yana iya neman diyya har dala 300. Amma shi kaɗai ya 'yantu. Matarsa da 'ya'yansa suna nan a hannun mutumin da ya fusata, kuma kowa ya san in aka rasa mai laifi a kan wa ake hucewa. Akwai wasiƙar wata baiwa mai suna Martha Glover daga garin Mexico na nan Misuri, ta rubuta wa mijinta soja ranar 30 ga Disamba 1863. Ta ce tun da ya tafi ba ta ga komai ba sai wahala, ta tuna masa cewa ai ta faɗa masa abin da za su yi, ga shi suna zaginta, sun ce ba za su kula da yaran ba, shekaranjiya ma sun yi mata mugun duka. Sannan ta ce kada ya ƙara aiko mata da saƙon ta zuga wasu magidanta su shiga soja, abin da take gani ya ishe ta, ba za ta jefa matar wani ciki ba. Wasu iyayen gijin ma kwasar matan sojoji da yaransu suka riƙa yi suna tsallakawa da su Kentaki su sayar. Da irin waɗannan labarai a kunnensa Rice yake kwance a asibiti.

Abin da ya kwantar da shi ba harsashi ba ne, ciwon sanyin ƙashi ne da ya ƙi jin magani. A yaƙin nan cuta ta fi bindiga kisa. Cikin sojoji sama da dubu 600 da suka mutu, kashi biyu cikin uku atuni da zazzaɓi da ƙyanda da ciwon huhu ne suka kashe su. Baƙaƙen fata kusan dubu 180 ne suka yi soja a rundunar Arewa, wajen dubu 40 suka mutu, kuma kusan dubu 30 daga ciki cuta ce. Barikin Benton ya yi ƙaurin suna a wannan fanni, don mutanen sukan iso cikin tsananin hunturu da tsumma a jiki, wasu ba takalmi, bayan tafiyar kwanaki a ƙasa, a cusa su ɗaki ɗaya. Ga kuma wulaƙancin albashi. Farin kurtu dala 13 yake karɓa a wata, baƙi dala 10, a cire 3 kuɗin kaki ya tashi da 7, sai a watan Yuni 1864 majalisa ta daidaita. Wani abin da zai ba mai karatu mamaki, cikin baƙaƙen sojojin nan har da ɗan ƙasarmu. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ta Borno, ɗan Barka Gana jarumin Shehu Laminu, an kama shi yana yaro aka ƙetara Sahara da shi, ya bi ta Tarabulus da Istambul da Rasha, ya ƙare a runduna ta 55 ta jihar Masacusets a 1863. Labarinsa na wata rana ne.

To mu buɗe wasiƙa ta farko.

Ya fara da gaya wa yaran cewa bai manta da su ba, kuma son ganinsu yana nan kamar kullum. Ya ce su yi haƙuri da duk halin da suka tsinci kansu, amma su sakankance zai karɓe su ko da ransa ne zai tafi. Daga nan sai ya shiga lissafi kamar wani kwamanda. Ranar 28 ga wata, in ji shi, sojoji farare 800 da baƙaƙe 800 za su hau kogi zuwa Glasgo, janar ɗin da zai jagorance su zai damƙa masa su duka biyun, shi ma yana sa ran yana cikin tafiyar. In Diggs bai sake su ba gwamnati za ta sake su.

Ni a matsayina na mai ƙaga labari na san me yake yi a nan. Yarinya 'yar shekara 12 in ka ce mata ina nan zuwa, ta sha jin haka. Amma in ka ce ranar 28, mutum 800 da 800, ta jirgin ruwa, ka ba ta abin da za ta riƙa ƙirgawa da yatsu in ta kwanta. Mu ma haka muke yi in muna so mai karatu ya yarda da mu, sai mu faɗi launin mota da lambar gida.

Sai ya gangaro kan abin da ke cin ransa. Ya samu labari cewa Kitty Diggs tana yawo da maganar wai ya yi yunƙurin sace mata yarinya. Ya ce wa 'ya'yan su gaya mata, Allah bai taɓa nufin a ce mutum ya saci jininsa ba, kuma ita ce Kirista ta farko da ya taɓa ji ta ce uba zai iya satar ɗansa, balle daga cikin bauta. Irin addininta, in ji shi, Shaiɗan ma yana da shi a wuta. Da can yana ganin girmansu, yanzu girman ya zube, kuma ba zai sake roƙonta ba. Wannan kalma ta sakewa tana gaya mana ya roƙa a baya, watakila ba sau ɗaya ba, da hula a hannu.

Ƙarshen wasiƙar ne ya fi karya zuciya, don a nan tsawar ta lafa uban ya fito. Ya ce a gaida duk masu tambayarsa, a ce musu suna lafiya. Mutumin da ke kwance a gadon asibiti ke nan fa. Babu sojan da bai taɓa yin wannan ƙaryar ba, ko a Amurka ko kakanninmu da suka je Bama suna aiko da takarda a karanta wa tsohuwa a zaure. Sannan ya ce kada su ji haushi don bai aiko musu da komai ba, yana da abubuwa da yawa da ya tanadar musu sai sun haɗu. Ya isar da gaisuwar 'yan uwansu maza, Spott da Noah, ya rufe da kukan yadda yake begen ganinsu. Ka duba fa, mutumin da yanzun nan ya gama alkawarin zuwa da runduna, ga shi yana jin kunyar rashin tsaraba.

Wasiƙa ta biyu babu gaisuwa a cikinta ko ta sisin kwabo. A ta farko in zai ambaci matar yakan haɗa da laƙabin girmamawar da bayi ke kiran matan gida da shi, don haka yaran suka saba ji. A ta biyu sunanta gatsal yake kira, Kitty Diggs, ya kuma maimaita. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Ka ƙaddara baran gidan hakimi da ya shekara ashirin yana faɗuwa yana ranki ya daɗe, yau ya tsaya a tsakar gida ya kira uwargida da sunan yanka. A Misuri ta wancan zamani bawa na iya rasa fatar bayansa a kan abin da bai kai wannan ba.

Ya ce mata Mary 'yarsa ce, Allah ne ya ba shi. Ta riƙe ta iya ƙarfinta, amma ta sani duk daɗewar da ta yi tana riƙe da ita haka za ta daɗe a wuta, kuma haka za ta yi saurin isa can. Ya ce ana haɗa baƙaƙen sojoji wajen dubu da za su biyo ta Glasgo, kuma ranar da suka shigo, su da ke da 'ya'ya a hannun irinta za su gwada ta. Duk inda suka haɗu shi da ita abokan gaba ne. Ya tuna mata bai taɓa ganin ta kashe wa yaran ko dala ɗaya ba, amma tana kiransu dukiyarta. Mai lura zai ga lissafin ya canza, can 800 da 800 ne fari da baƙi, nan kuwa dubu ne kuma duk baƙaƙe. Ya san wa yake rubuta wa. Yara ana kwantar musu da hankali da janar da gwamnati, ita kuwa babu abin da zai hana ta barci kamar hoton bayin jiya dubu ɗaya da bindigogi a ƙofar gidanta.

Wurin da na fi daɗewa a kai shi ne maganar dala 40. Ya ce ya taɓa yi mata tayin dala 40 a kan 'yarsa ta cikinsa, ta ƙi, kuma yanzu yana murna da ta ƙi. Dala 40 ta kusa albashin wata shida na baƙin kurtu kafin a daidaita. Mu mun san fansa, mun san murgu, inda bawa ke biyan ubangidansa kaɗan-kaɗan yana aikin kansa har ya tara abin fansar wuyansa. Duk wanda ya biya fansa, komai zafin da yake ji, ya amsa cewa mai karɓar yana da wani haƙƙi. Rice na da ya yarda da wannan ciniki, don ba shi da wata hanya. Rice mai kaki ya janye tayinsa, yana ganin ko sisi ya ba ta ya gaskata ƙaryarta. A ganina nan ne mutumin ya 'yantu, fiye da ranar da aka rubuta sunansa a rajistar soja. Ya rufe da cewa ba ya shakkar karɓo Mary, gwamnati gaba ɗaya tana bayansa, kuma babu yadda za ta yi.

Rubutun nasa na wanda ya koyi karatu a ɓoye ne. Kalmomin yadda kunne ya ji su haka ya rubuta, babu ruwansa da aya ko waƙafi, har sunan matar iri biyu ya rubuta shi. Masu yi mana gorin ƙa'idar rubutu sai su zo su gyara masa mu gani ko za su ƙara masa wani abu.

To yanzu ga inda labarin ya yi kwana. A wancan yaƙi babu hukumar da ke tace wasiƙun sojoji kamar yadda aka yi a yaƙin duniya, kan sarki na santi 3 ne, soja ma in ba shi da shi yana iya aikawa haka nan a karɓi kuɗin wajen wanda aka kai wa. Sai dai wasiƙa dole ta bi ta gidan waya, shugaban gidan wayar Glasgo kuwa shi ne F. W. Diggs, ɗan uwan Kitty, kuma shi ke riƙe da Cora. Kura ce aka ba ajiyar nama. Wasiƙun biyu a hannunsa suka ƙare. Ranar 10 ga Satumba ya haɗa su da tasa takardar ƙorafi ya aika wa Janar William Rosecrans, kwamandan sojojin tarayya a Misuri. Ya ce shi mai biyayya ne ga gwamnati, ba zai iya jure irin wannan cin mutunci daga baƙin mutum ba, a fitar da marubucin daga jihar a tura shi bakin daga. Ofishin janar ya sa takardun a fayil, fayil ya tafi ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Washinton, suka kwanta can sama da shekara ɗari. Masana tarihi na Jami'ar Meriland ƙarƙashin Ira Berlin, waɗanda suka fara tono takardun 'yantattun bayi a 1976, su suka fito da su aka buga a 1982. Da wasiƙun sun isa hannun yaran, da wuya su kai yau, takarda a ɗakin baiwa ba ta shekara. Mutumin da ya so a hukunta Rice shi ya adana mana muryarsa.

Da ni ke rubuta littafin nan, wallahi na san yadda zan ƙare shi. Ranar 28 jirgi zai tsaya a bakin kogi, Rice zai sauko da bindiga a kafaɗa, Kitty Diggs za ta fito tana rawar jiki, Mary ta sheƙo da gudu. Da an sayi littafi na uku har a nemi na huɗu. Tarihi bai yi haka ba. Rundunar da ta iso Glasgo ta 'yan tawaye ce. A cikin watan Satumban nan Janar Sterling Price ya kutso Misuri daga kudu da mahaya wajen dubu 12, kuma ranar 15 ga Oktoba wani ɓangare na mutanensa ya yi wa Glasgo ruwan igwa, sojojin tarayya da ke ciki suka miƙa wuya, wani sashe na garin ya ƙone. Yaran da aka ce su jira ranar 28, abin da suka gani ke nan.

Bayan kwana shida wani ɗan sari-ka-noƙe mai suna Bill Anderson, wanda saboda yawan kisa ake masa laƙabi da mai jini, ya shigo garin da yaransa. Gidan da ya nufa shi ne na Benjamin Lewis, tsohon ubangidan Rice, don Lewis duk da tarin bayin da ya yi yana goyon bayan gwamnatin tarayya. Suka yi masa dukan kawo wuƙa, suka tattake shi, sai da aka tara musu dala 5,000. Anderson ya kuma yi wa wata ƙaramar yarinya baƙa da ke aiki a gidan fyaɗe, yarinyar da ba ta wuce sa'ar Mary ba. Ba a yi mako guda ba aka harbe Anderson. Lewis bai warke ba, ya mutu a 1866, ya bar wasiyyar kuɗin da aka gina ɗakin karatu mai sunansa a Glasgo. Mutumin da ya fusata don bawansa ya iya karatu, da ɗakin karatu garinsu ke tunawa da shi. Na bar wa mai karatu wannan.

Abin da bindiga ba ta kawo ba ranar 28, takarda ta kawo shi bayan wata huɗu. An fatattaki Price a ƙarshen Oktoba, masu adawa da bauta suka ci zaɓen jihar, kuma ranar 11 ga Janairu 1865 babban taron tsarin mulkin Misuri da ya zauna a Sant Luwis ya soke bauta nan take, ba diyya ga kowa. A watan Maris majalisar tarayya ta 'yanta mata da 'ya'yan duk baƙin soja, a watan Disamba kuma gyara na 13 ga tsarin mulki ya rufe babin a ƙasar baki ɗaya. Kitty Diggs ba ta samu ko dala 40 ɗin ba.

Iyalin suka haɗu a Sant Luwis. Mary ta ce makarantar da ta fara shiga a cikin barikin Benton take, wato wurin da babanta ya kwanta ya rubuta mata wasiƙa nan ta koyi karatu. Su ma sojojin ba su manta da dokar 1847 ba. 'Yan runduna ta 62 da ta 65, baƙaƙen Misuri da suka koyi baƙi a sansani, suka yi karo-karo daga ɗan albashin nan suka tara sama da dala 6,000, aka buɗe makaranta da sunan Linkon a Jefferson City a 1866. Yau jami'a ce. Ba ita ce wadda Zik da Nkrumah suka yi ba, waccan tana jihar Fensilbeniya.

Shi kuwa Rice limamin coci ya zama, a ɗariƙar Methodis ta baƙaƙen Amurka. Wanda ya karanta wasiƙarsa ta biyu ba zai yi mamaki ba, mai iya kwatanta wuta haka ai mumbari ke jiransa. Ya yi ta yawon kafa majami'u a yammacin ƙasar, har ya kafa cocin baƙaƙe na farko a New Mexico, a garin Albuquerque, a 1882. Ya rasu a Colorado Springs a 1907 yana da shekara kusan 88.

Da masu hirar nan na 1937 suka zo tashi, Mary ta tsayar da su don ta gyara wani abu. Ta ce ɗazu ta faɗa musu sunan babanta Spot, to wannan sunan da ake kiransa da shi ne a zamanin bauta, sai ta ba su cikakken sunansa su rubuta. Ta ƙara da cewa babanta soja ne, ɗan uwanta soja ne, mijinta soja ne, ɗanta ma a lokacin yana aikin soja a tsibiran Filifin, kuma ita tana son namijin da zai tashi ya yi faɗa a kan haƙƙinsa.